Daga Karan Dawa Zuwa Titaniyam: Tarihin Gyaran Gwiwar Hannu a Birnin Dabo

Ba a cika sanin darajar gwiwar hannu ba sai ranar da ta sandare. Ita ce ke kai loma baki, ita ce ke kai ruwan alwala fuska, da ita ake sa hula, da ita uwa ke jawo goyo ta ɗaure zane. A shekarar 1981 wani likitan ƙashi na asibitin Mayo da ke Amurka, Bernard Morrey, ya auna shi da abokan aikinsa iya lanƙwasawar da mutum ke buƙata don gudanar da hidimomin yau da kullum. Sun gano cewa akasarin ayyuka na buƙatar gwiwar ta yi motsi tsakanin digiri 30 zuwa 130, tafin hannu kuma ya iya juyawa digiri 50 sama da digiri 50 ƙasa. Wanda ya rasa wannan tazara hannunsa na nan a jikinsa, amma rabin amfaninsa ya tafi.

A 'yan shekarun nan an samu sabuwar hanyar gyara gaɓar da ta ragargaje: a ɗauki hoton ƙashin mara lafiya, a zana abin da ya ɓace a kwamfuta, sannan wata na'ura ta gina shi da ƙarfen titaniyam daidai da awon mutumin, shi kaɗai. Ga mutumin Kano wannan labari yana da tsohon tushe, domin yin magani a kan awon mai ciwo shi ne asalin sana'ar masu ɗori. Tarihin yadda aka bar wannan hanya aka koma ga kayan kamfani masu lamba, da yadda ake dawowa gare ta yanzu, yana nuna abin da sabuwar fasahar za ta iya yi wa birnin da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Gaɓar da ba ta da haƙuri

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: ƙashin damtse daga sama, da ƙasusuwa biyu na sangalin hannu daga ƙasa. Ɗaya daga cikin biyun yana rungume ƙarshen ƙashin damtse kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maƙalinsa, shi ne ke ba da lanƙwasawa da miƙewa. Ɗayan yana da kai zagayayye mai jujjuyawa a wuri guda, shi ne ke kifa tafin hannu ya kuma daga shi. Motsi iri biyu ke nan a cikin ɗan wurin da bai fi a rufe shi da tafin hannu ba.

A wannan matsatsin wuri kuma babbar jijiyar jinin hannu take wucewa ta gaba, tare da manyan jijiyoyi uku masu kai saƙo zuwa yatsu. Ɗaya daga cikinsu ce ke sa mutum ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi idan ya bugi gwiwarsa da bakin tebur. Gaɓar tana da wani hali na daban: ba ta jure zama wuri guda. In aka ɗaure ta makonni da yawa ba motsi, takan ƙage, wani lokaci har sabon ƙashi ya tsiro a cikin tsoka ya kulle ta.

Karayar gwiwar hannu da ta fi yawa ga yara ita ce wadda ke faruwa a ƙarshen ƙashin damtse, dab da gaɓar, musamman ga 'yan shekara biyar zuwa bakwai. Yaro ya faɗo daga kan katanga ko bishiyar mangwaro, ya tokare ƙasa da tafin hannu, sai ƙashin ya karye a inda ya fi sirantaka. Bakin karayar na iya danne jijiyar jini, kumburi kuma ya biyo baya. A shekarar 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana abin da ke faruwa idan aka ɗaure irin wannan hannu da ƙarfi: jini ya kasa isa ga tsoka, tsokar ta mutu ta ƙanƙance, yatsu su lanƙwashe kamar ƙafar shaho, har abada. Awa shida zuwa takwas sun isa a yi wannan ɓarna.

Gadon masu ɗori

Kano gari ne da ya tashi a kan sana'ar hannu. Binciken masana tarihin ƙasa ya nuna ana narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na bakwai, kuma tarihin baka ya ambaci Abagayawa, maƙeran da kakansu ya zo daga Gaya neman dutsen ƙarfe. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa a ƙarni na goma sha biyu ta kewaye unguwannin da kowace ke da sana'arta, kowace sana'a kuma da shugabanta. Kamar yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, haka ƙasar Hausa ta san sarautar Sarkin Ɗori.

Ɗori sana'ar gado ce. Yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa tsumma, yana kallon yadda ake laluben karaya da yatsu, har hannunsa ya iya bambance targaɗe da gocewa da tsagewar ƙashi. Kayan aikin kaɗan ne: karan dawa ko tsiraran itace, tsumma, zare, man shanu ko wani man shafawa da aka haɗa da saiwoyi, sai addu'a da tofi. Mai ɗori yakan ja gaɓar ya daidaita ta, ya yanka kara daidai tsawon hannun da ke gabansa, ya jera ya ɗaure. Ba a taɓa yanka karan wani a ɗaura wa wani.

Ilimin rubuce ma bai bar wannan fanni ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe sashe guda a littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewar gaɓoɓi, ya kuma yi gargaɗi a kan sanya katako da matse ɗauri alhali wurin yana kumbure. Turai ita ma da masu ɗori ta fara. Hugh Owen Thomas na Libaful, wanda ake ɗauka uban aikin ƙashi na zamani a Ingila, ɗan gidan masu ɗori ne daga yankin Wales. A 1867 babban likita James Paget ya gabatar da lacca a kan cututtukan da masu ɗori ke warkarwa, yana jan hankalin 'yan uwansa likitoci su koyi abin da ke da kyau a wurinsu.

Mai ɗori yana da abubuwan da har gobe suke jawo masa jama'a. Yana cikin unguwa, ana iya buga masa ƙofa da tsakar dare, ba ya neman kuɗin kati, yakan karɓi abin da ya sawwaƙa, kuma yana magana da harshen da mara lafiya ke ji. Karaya mai sauƙi a tsakiyar dogon ƙashi takan haɗe a hannunsa, domin halittar ƙashi ce ya haɗe in an tsayar da shi. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: ba ya ganin ciki. Yatsa ba ya iya faɗin ko karayar ta ratsa cikin gaɓa, ko gutsuren ƙashi ya juya, ko jijiyar jini ta maƙale. A gwiwar hannu kuwa waɗannan su ne abubuwan da ke yanke hukunci.

Asibiti a gindin Dala

Ganin ciki ya samu ne a 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Kafin nan, a farkon shekarun 1850, likitan sojan Holan Antonius Mathijsen ya ƙirƙiro bandejin filasta mai daskarewa. Waɗannan biyun sun iso Kano bayan zuwan Turawa a 1903, kuma a ƙarshen shekarun 1920 Hukumar Gargajiya ta buɗe asibitin cikin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda a yau ake kira Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad.

Babban sauyi ya zo a watan Disamba na 1959, ƙasa da shekara guda kafin samun 'yancin kai, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe asibitin ƙashi a kan hanyar Ƙofar Ruwa, ba nisa da dutsen da maƙeran farko suka zauna. Likitan Ingila A. F. Bryson ne ya jagoranci kafa shi, kuma a shekarun farko Babban Asibitin Ƙashi na Ingila, mai reshe a Landan da Stanmore, yakan turo matasan likitocinsa su yi aiki a Kano na wani lokaci. Majinyatan wancan zamani sun haɗa da yaran da shan-inna ta shanye wa ƙafafu, da masu tarin fukan ƙashin baya, da masu ruɓar ƙashi, da waɗanda karayarsu ta haɗe a karkace. A 1979 gwamnatin tarayya ta karɓi asibitin a ƙarƙashin doka mai lamba 91, ta haɗa shi da na Igbobi a Legas da na Inugu a hukuma guda. Daga baya ya zama wurin horar da likitocin ƙashi, da ma'aikatan jinya, da masu ɗaura filasta, yana kuma da sashen ƙera ƙafafu da hannayen roba.

Sai dai zuwan asibitin bai rufe zauren mai ɗori ba, kuma tsakanin su biyun wani mugun zagaye ya kafu. Iyali kan fara kai yaro wurin ɗori. In hannu ya kumbura, yatsu suka yi sanyi suka yi baƙi, sai a garzaya Dala bayan kwanaki, lokacin da ba abin da ya rage sai a yanke don a ceci rai. Maƙwabta kuma abin da suke gani shi ne an shiga asibiti da hannu an fito babu. Daga nan tsoron "za su yanke" ya ƙara kafuwa, na gaba ma ya ƙi zuwa da wuri. Likitocin ƙashi a sassa daban-daban na Nijeriya sun yi ta rubutu a kan wannan ruɓewar gaɓa da ke biyo bayan matsattsen ɗauri, sun kuma lissafa ta cikin manyan dalilan yanke hannun yara a ƙasar.

Zamanin ƙarfe mai lamba

A daidai lokacin da ake gina asibitin Dala, aikin ƙashi a duniya yana komawa hannun masana'antu. A 1958 wasu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta tsara faranti da kusoshi masu awo ɗaya da za a iya amfani da su a kowane asibiti. A 1962 John Charnley na Ingila ya kammala ƙirar ƙugun roba da ƙarfe da ya zama abin koyi. Hikimar ita ce a yi kaya lamba-lamba kamar takalmin kanti, likita ya zaɓi wanda ya fi kusa da ƙashin da ke gabansa, ya sassaƙe ƙashin har ya karɓi ƙarfen. Wannan tsari ya sauƙaƙa farashi, ya kuma ceci miliyoyin mutane.

Gwiwar hannu ta fi ƙugu gardama. Tun 1925 likitan Faransa Robineau ya gwada maye ƙarshen ƙashin damtse da ƙarfe mai rufin roba. A 1972 Roger Dee ya fito da gaɓar ƙarfe mai maƙali da ake kafawa da simintin ƙashi. Da farko majinyata sun ji daɗi, amma cikin 'yan shekaru ƙarfen ya riƙa girgiɗi, saboda maƙalin ba ya sassauci ko kaɗan, duk nauyin da hannu ya ɗauka yana sauka ne a mahaɗar siminti da ƙashi. Ralph Coonrad da Bernard Morrey suka gyara wannan a tsakanin 1973 da 1981, suka bar ɗan sako-sako na kimanin digiri bakwai a maƙalin don ya yi kama da gaɓar halitta.

Duk da haka akwai sharaɗin da har yau ake gindaya wa wanda aka sauya wa gwiwar hannu baki ɗaya: kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo biyar a lokaci guda, ko abin da ya wuce kilo ɗaya in zai riƙa maimaitawa, iya rayuwarsa. Ga tsohuwa mai ciwon sanyin gaɓoɓi a Turai wannan abu ne mai yiwuwa. Ga ɗan dako a Kantin Kwari, ko marini a Ƙofar Mata, ko mai tura kurar ruwa, sharaɗin daidai yake da a ce ya bar sana'arsa. Shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin ceto ƙashin matashi da faranti da kusoshi, su ajiye sauya gaɓa a matsayin dabara ta ƙarshe.

Tun a wancan zamani akwai majinyatan da kayan kanti ba sa yi musu: wanda ciwon daji ya cinye wa rabin ƙashi, ko wanda harsashi ya tarwatsa wa gaɓa. A Stanmore, wato asibitin nan da ke turo likitoci Kano, John Scales ya soma ƙera wa irin waɗannan ƙashin wucin gadi ɗaya bayan ɗaya tun ƙarshen shekarun 1940. Aiki ne na sassaƙa da goga a kan injin, mai cin lokaci, kuma awonsa daga hoton ƙashi mai fuska ɗaya ake ɗauka.

Na'urar da ke gini da hoda

Abubuwa uku suka haɗu suka sauya wannan. Na farko na'urar hoton CT, wadda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971; tana yanka jiki fili-fili a hoto, kwamfuta ta harhaɗa su su ba da siffar ƙashi ta kowace fuska. Na biyu binciken Per-Ingvar Brånemark na Suwidin, wanda tun shekarun 1950 ya lura cewa ƙashi yana manne wa titaniyam ya riƙe shi kamar nasa. Na uku firintar 3D, wadda Chuck Hull na Amurka ya samu rajistar mallakarta a 1986, kuma daga baya kamfanoni irin su Arcam na Suwidin suka kai ta ga iya aiki da ƙarfe.

Maƙerin gargajiya yana da hanya biyu: ko ya dake ƙarfe a kan uwar maƙera har ya ɗauki siffa, ko ya narka ya zuba a mazubi kamar yadda maƙeran fari ke yi. Firinta ta zo da hanya ta uku. Takan shimfiɗa hodar titaniyam siririya, kusan kaurin silin gashi, sai hasken leza ko na lantarki ya bi ta kai ya narkar da inda zane ya nuna kawai. A sake shimfiɗa wata hodar a kai, a sake narkarwa, sau dubbai, har abin ya tashi daga ƙasa zuwa sama kamar yadda magini ke ɗora tubali. Da wannan hanya ana iya yin ƙarfe mai ƙananan ƙofofi kamar soso, inda ƙashi zai tsiro ya shiga ya riƙe ba tare da siminti ba.

A 2007 aka dasa wa wani majinyaci a Italiya kwaskon ƙugu da aka buga ta wannan hanya. A 2011 likitoci daga Beljiyam da Holan suka sanya wa wata tsohuwa 'yar shekara 83 muƙamuƙin ƙasa na titaniyam da aka buga mata ita kaɗai. A nahiyar Afirka, cibiyar da ta yi fice ita ce ta Jami'ar Fasaha ta Bulumfonten a Afirka ta Kudu, wadda ta buga wa majinyatan asibitocin gwamnati muƙamuƙai da sassan fuska.

A gwiwar hannu dabarar tana da kyau ƙwarai, saboda Allah ya yi wa mutum hannu biyu. Ana ɗaukar hoton lafiyayyen hannun, kwamfuta ta juya shi kamar a madubi, sai ya zama zanen abin da ya ɓace a ɗayan. Da haka ake buga kan ƙashin nan mai jujjuyawa in ya farfashe, ko ƙarshen ƙashin damtse bayan an cire ƙari. Ƙarfe ne yanzu ke bin siffar ƙashi, likita ba ya sassaƙe ƙashi don ya bi ƙarfe. Amma fuskar gaɓar ba ta fita daga firinta ta shiga jiki kai tsaye. Sai an goge ta sumul, an wanke ragowar hoda, an gwada ƙarfinta, an kashe ƙwayoyin cuta. Aikin kan ɗauki makonni, kuma da yake fasahar sabuwa ce, rahotannin da ake da su a kan gwiwar hannu na majinyata ƙalilan ne da aka bi na 'yan shekaru, alhali gaɓar Coonrad da Morrey tana da tarihin sama da shekara arba'in.

Rabon Kano a ciki

Akwai reshen wannan fasaha da ya fi kusa da buƙatar birnin, kuma ba na ƙarfe ba ne. Yaron da karayarsa ta haɗe a karkace yakan girma da hannu mai lanƙwasa ciki kamar gindin bindiga. Gyaransa shi ne a sake yanka ƙashin a daidaita, kuma wahalar tana wajen sanin inda za a yanka da kusurwar da za a bi. Tsuyoshi Murase da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta Japan sun nuna, a rahoton da suka fitar a 2008, cewa za a iya tsara yankan a kwamfuta, a buga wani ɗan ma'auni na roba da ke zama daram a kan ƙashin mutumin ya nuna wa zarto hanya. Daga nan sai a ɗaure da farantin da aka saba. Firintar roba ba ta kai ko kusa da tsadar ta ƙarfe ba. Birnin da ke da asibitin Dala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da tsangayar injiniya a Jami'ar Bayero, yana da mutanen da za su iya haɗa hannu a kan irin wannan aiki.

Gaɓar titaniyam kuwa tana da shingaye. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita, kuma abin da aka ƙera wa mutum ɗaya a ƙasar waje da dala ake biyansa. Haka nan ba a dasa ƙarfe a inda akwai ƙwayar cuta, ga shi kuwa raunin da ya kwana biyu a buɗe cikin tsumma sau da yawa ya riga ya harbu. Mafi muhimmanci, firinta ƙashi kawai take mayewa. Ba ta dawo da tsokar da ta mutu, ba ta raya jijiyar da ta shanye. Hannun da matsattsen ɗauri ya kashe a daren farko ya wuce inda kowane irin ƙarfe zai amfane shi.

Saboda haka babban abin da zai rage yawan nakasassun hannaye a cikin ganuwa yana a kwanan farko na karaya. An gwada wannan a wasu wurare. A kudancin Habasha, wani rahoto na 2005 ya nuna cewa ɗan gajeren horon da aka ba masu ɗori ya rage yawan yanke gaɓoɓi a yankin, kuma likita Onuminya ya ba da rahoton irin wannan gwaji a Nijeriya a 2006. Darasin ba mai tsawo ba ne: kada a matse ɗauri a kan kumburi, a bar yatsu a waje a riƙa duba ɗuminsu da launinsu, in zafi ya tsananta, ko yaro ya yi ihu da an miƙe masa yatsu, a kwance nan take, karayar da ke kusa da gaɓa da wadda ƙashi ya huda fata a tura su asibiti a ranar. A garin da sana'a ke da sarki, kuma maganar sarkin sana'a ke da nauyi a wurin mabiyansa, hanyar isar da wannan saƙo a shimfiɗe take tun da daɗewa.

Mai ɗori ya riƙe gaskiya guda tun fil azal, cewa hannun kowa daban yake, kuma kimiyya ta yi zagayen shekara ɗari ta dawo kanta ɗauke da hoto da kwamfuta. Abin da ya rage shi ne hoton ya isa ga yaron da ya faɗo daga katanga a Ƙoƙi ko Yakasai tun kafin rana ta faɗi. In an samu haka, kaɗan ne daga cikin irinsa za su taɓa buƙatar a buga musu gwiwar titaniyam.